Gayyar hanyar fadama: shin mu ɗauki mai kula da ita na wata huɗu?

Sakataren ƙungiya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, 'yan'uwa maza da mata, Shugaba ne ya umarce ni in kawo wannan magana nan zauren tattaunawar ƙungiyarmu domin kowa ya tofa albarkacin bakinsa kafin zaman da za mu yi ido da ido, saboda da yawa daga cikinmu suna kasuwa tun asuba, ba kullum suke samun halartar taro ba. Maganar ita ce hanyar ƙafar nan da ta ratsa fadama daga bayan unguwarmu ta ɓulle bakin titin da ke kai mutum kasuwar Mile 12, wadda muka shekara uku muna gyara ta da aikin gayya, tare da gadar katakon da ke tsakiyarta.

Na duba littafin da nake rubuta sunayen masu fitowa, kuma abin da na gani ya dame ni. Bara sau bakwai muka kira gayya. A ta farko, cikin watan Janairu, mutane fiye da hamsin ne suka fito, har kayan aiki suka kasa, wasu suka tsaya suna kallo saboda babu shebur, babu baro. A ta ƙarshe, cikin watan Yuni, lokacin da ruwa ya cinye rabin hanyar kuma muke matuƙar bukatar hannu, mutum shida ne suka zo. Ban ɗauki wannan a matsayin lalaci ba. Yawancin majiya ƙarfinmu 'yan ci-rani ne, suna saukowa Legas bayan kaka, kuma da zarar hadari ya fara haɗuwa a Arewa cikin Afrilu ko Mayu sai su koma gona. Ruwan Legas kuwa yakan fara tun Maris ko Afrilu, ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli. Wato lokacin da muke da mutane ba mu da shiri, lokacin da aiki ya taso mana kuma ba mu da mutane.

Shawarar da nake gabatarwa ita ce mu ɗauki mutum ɗaya na tsawon wata huɗu, daga Disamba zuwa Maris, mu riƙa ba shi wani abu duk wata, aikinsa shi ne tsara gayya. Shi zai zagaya hanyar kafin ranar aiki ya san inda ya lalace, ya tanadi ƙasa da katako, ya raba mutane rukuni-rukuni, ya ƙirga kayan aiki safe da yamma, ya kuma yi magana da hukuma da maƙwabta. Masu fitowa aiki za su ci gaba da fitowa don Allah kamar yadda aka saba. Ina roƙon a yi magana a kan wannan batu kaɗai, a bar sauran matsalolin unguwa sai wani lokaci.

Baba Dattijo:

Wa alaikumus salam. Sakatare, Allah Ya yi maka albarka, na karanta bayaninka sau biyu, kuma ban ga ƙarya a cikin lissafinka ba, amma ban goyi bayan shawarar ba. Na sauka Zangon Agege ina saurayi, na ga yadda iyayenmu suka gina masallatai suka share maƙabarta ba tare da an biya kowa sisi ba, kuma kafin nan na yi noman gayya a garinmu har hannuna ya yi kanta. Abin da ke riƙe gayya shi ne kowa ya san cewa gumin da ya zubar daidai yake da na ɗan'uwansa. Ranar da aka ce mutum ɗaya yana karɓar albashi, mai dakon da ya bar kasuwa ya yi asarar cinikin safiyarsa zai dube shi ya ce a ransa, to ai ga mai aikin nan, me ya kawo ni? Daga nan sai a fara cewa hanyar ta wane ce, shi ake biya, shi ya gyara.

Na ga irin wannan da idona. Wata shekara a wata unguwar da na zauna, mun haɗa kuɗi mun ɗauki mai shara domin ya taimaka wa masu fitowa ranar Asabar, kafin wata uku babu wanda yake fitowa sai shi kaɗai, kuma da kuɗin suka ƙare shi ma ya tafi, muka rasa shi muka rasa gayyar. Ku kuma tuna abin da ya faru a wannan gari lokacin da gwamnati ta dakatar da tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata a 2016. Mutane da yawa da suke fitowa saboda an hana zirga-zirga, ba don sun ga amfanin abin ba, sun ajiye tsintsiya nan take. Aikin da aka ɗora kan tsoro ko kan kuɗi yana tafiya ne tare da abin da aka ɗora shi a kai. Ni ra'ayina a raba wannan nauyin tsakanin mutum huɗu daga cikinmu, kowa ya ɗauki wata guda.

Malamin Islamiyya:

Baba, Allah Ya ƙara girma, tsoron da ka bayyana tsoro ne na gaskiya, kuma bai kamata a wuce shi da gaggawa ba. Sai dai ina so in raba abu biyu da aka haɗa. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, har ya zo a hadisi ingantacce cewa yana cikin rassan imani, kuma wannan ladan yana nan ga duk wanda ya ɗauki fartanya ya fito, ko akwai mai albashi ko babu. Tsara aikin kuwa wani abu ne dabam, domin yana cin kwanakin mako, ba safiyar Asabar kaɗai ba. Shari'a da kanta ta san wannan bambanci, shi ya sa a aya ta 60 ta Suratut Tauba, inda aka lissafa waɗanda ake ba zakka, aka sanya ma'aikatan da ke tattara ta a cikinsu. Mai bayar da zakka yana bayarwa don Allah, mai tattarawa ana biyansa, kuma biyan nasa bai rage ladan mai bayarwa ba.

Ko a gayyar noma da ka ambata, Baba, ka fi ni sanin cewa mai gona ba ya zuwa hannu rabbana. Shi yake sanar da mutane tun da kwanaki, matan gidansa su kwana suna daka da dama fura, ya san kunyar da za a fara da wadda za a ƙare. Gayya ba ta taɓa rasa mai ita ba. Matsalar hanyarmu ita ce ba gonar kowa ba ce, saboda haka babu wanda yake kwana da tunaninta. Abin da Sakatare yake nema, a fahimtata, shi ne a samar wa gayyar mai gona. Sharaɗina ɗaya ne, idan mun ɗauki mutum to mu faɗa masa adadin haƙƙinsa tun farko kuma mu biya shi a kan lokaci, kada mu ɗauke shi da sunan aiki sannan mu riƙa tuna masa lada idan wata ya ƙare.

Birkila:

Ina gaida iyaye da malamai. Ni ba zan shiga maganar hukunci ba, zan faɗi abin da hannuna ya taɓa a hanyar nan, domin ina ganin idan aka san yadda aikin yake za a fi gane dalilin da ya sa mutum huɗu masu karɓa-karɓa ba za su iya ba.

Abin da ke kashe hanyar ƙafa ruwa ne, ba ƙafar mutane ba. Duk inda ruwa ya samu wurin kwanciya a kan hanya, ƙasa takan yi laushi, masu wucewa su kauce su bi gefe, gefen ma ya zama taɓo, hanyar da take taku biyu ta koma taku shida na laka. Maganinsa shi ne a ɗaga tsakiyar hanya ta fi gefunanta tudu kaɗan, yadda ruwa zai gangara hagu da dama, a haƙa ƙaramar magudana a gefe, sannan a wurare masu gangara a yanka wa ruwan mafita kafin ya tara ƙarfi. Jar ƙasa ake zubawa, kuma ba a zuba ta gaba ɗaya. Ana shimfiɗa ta kaɗan-kaɗan, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara wata a kai. Wannan aikin rani ne, domin jar ƙasar da aka zuba cikin damina ba ta kamawa, ruwan farko zai kwashe ta ya kai cikin magudanar da muka sha wahalar haƙawa. Abin da ya same mu ke nan bara, tifa biyu muka saya a watan Mayu, kafin sati uku babu alamarsu.

Gadar kuma tata matsalar dabam ce. Katakon da ke taɓa ruwa ya bushe, ya sake jiƙa ya bushe, shi ne yake fara ruɓewa, kuma daga sama ba a gani sai an shiga ƙarƙashi an soka masa ƙusa an ji ko ya yi laushi. Ana iya kai wa ko'ina a ƙarƙashin ne kawai idan ruwan fadama ya ja baya, wato daga Janairu zuwa farkon Maris. Ina kuma roƙon a daina shafa wa ƙafafun gadar baƙin mai, domin yana tsiyaya cikin ruwan da wasu suke kamun kifi a ciki. Gara a ƙara kuɗi a sayi katako mai tauri irin su loko ko da za a yi rabi bana rabi baɗi. A gefen da ƙasa take zaizayewa kuwa ina ba da shawarar a dasa jema, ciyawar nan da ake saƙa zana da ita a gida, saboda saiwarta tana nutsewa ƙasa sosai tana riƙe gaɓa.

Sannan kada mu manta cewa mu a wannan yanki ruwa biyu muke sha. Akwai na sama a Yuni da Yuli, akwai kuma wanda yake zuwa ta Kogin Ogun wajen Satumba da Oktoba, lokacin da kogin ya cika kuma ake sakin ruwa daga madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta, wanda mutanen Agiliti da Isheri da Kara suka san shi sarai. Wannan na biyun yana iya zuwa rana tana haskawa. Duk wanda zai tsara aikinmu dole ya san iyakar inda ruwan ya kai a bara, ya sa alama a jikin turaku, domin a san tsayin da za a ɗaga hanya. Idan yau wane ne mai kula, wata mai zuwa wani, wannan sanin yana zubewa a tsakani. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mu shekara uku ke nan ranar tafiya muke fafewa.

Baba Dattijo:

Birkila, na gamsu da bayaninka game da lokaci, kuma ban san cewa asarar tifa biyun nan daga nan ta fito ba. Amma duk abin da ka lissafa ilimi ne da kai kake da shi, kuma ba mu taɓa biyanka ba. Me zai hana kai ka riƙe ragamar, mu kuma mu taya ka?

Birkila:

Baba, da zan iya da na karɓa ba tare da an roƙe ni ba. Watannin nan huɗu su ne lokacin da gini yake tafiya a Legas, a cikinsu nake samun abin da zan ciyar da iyali har ƙarshen damina, kuma sau da yawa aikin yana kai ni Ajah ko Ikorodu in kwana can. Zan iya ba da safiyar Asabar, zan iya koya wa wanda aka ɗauka duk abin da na sani, amma ba zan iya zaman jiran direban tifa ranar Talata ba.

Hajiya mai abinci:

Assalamu alaikum. Na ga maza suna ta magana a kan ƙasa da katako, ina so in tuna muku cewa mu mata da yara mu ne muka fi bin hanyar nan, mu ne muke ɗauke da kaya a ka, da goyo a baya, kuma mu ne muka san katakon da yake motsi tun kafin ya karye. A littafin da Sakatare ya ce yana rubuta masu fitowa, ina da tabbacin babu sunan ko ɗaya daga cikin matan da suke tashi tun ƙarfe huɗu su dafa shinkafa da wake na mutum hamsin, su kai ruwan sha bakin fadama. Ban faɗi haka don neman yabo ba, na faɗa ne domin a gane cewa rashin mai tsarawa mu yake fara cuta. Ranar gayya ta uku an ce mana mutum arba'in, muka dafa na arba'in, goma sha biyu suka zo. Ranar ta farko an ce ashirin, aka ninka haka har da ɗori, muka ji kunya a gaban baƙi.

Baƙin da nake nufi su ne maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo, waɗanda suka fito suka taya mu, kuma wannan ya kawo ni kan abin da na fi so a duba. Wanda za a ɗauka dole ya kasance yana jin Yarabanci ko aƙalla Turancin kasuwa sosai, kuma yana da ladabin shiga gaban Baale, wato mai unguwar Yarabawa, da shugabannin ƙungiyar ci gaban unguwa da ake kira CDA. Mu baƙi ne a ƙasar nan ko da an haife mu a cikinta, kuma mun san yadda sauke tifa ɗaya ta ƙasa take tara samari masu cewa sai an biya su. Idan an gaida manya tun da wuri, an gaya musu rana, wannan rigimar takan mutu tun ba ta tashi ba. Ina goyon bayan a ɗauki mutum, amma a haɗa shi da mace ɗaya daga cikinmu wadda zai riƙa sanar da ita adadin mutane kwana biyu kafin aiki, kuma a rubuta aikin mata a littafi kamar yadda ake rubuta na maza.

Ɗalibi daga Akoka:

Ina neman izinin iyayena in ƙara wani abu da na gani. Kwanakin baya mun je Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki, wadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990 a kan fili mai faɗin hekta 78. Mutane sun fi sanin wurin da gadar sama mai tsawon mita 401, amma ni abin da ya ja hankalina shi ne doguwar hanyar katako da aka shimfiɗa a kan fadama, domin irin ƙasarmu ce, ruwa a ƙasa, danshi a sama. Na lura cewa sababbin katakai suna nan jefi-jefi a tsakanin tsofaffi, alamar ana canza su ɗaya bayan ɗaya ne kafin su karye, ba a jira a yi gagarumin gyara sau ɗaya.

A Amurka kuma akwai hanyar ƙafa ta tsaunukan Apalaciya, wadda ta haura kilomita 3,500 kuma ta ratsa jihohi 14. Yawancin aikin kula da ita 'yan sa-kai ne suke yi ta hannun ƙungiyoyi kusan talatin, kowace da yankinta, amma duk da haka akan ɗauki wasu mutane kaɗan aikin 'yan watanni a lokacin da aka fi bin hanyar, domin su jagoranci masu sa-kai su kuma zagaya su kawo rahoto. Na san arzikinsu ba namu ba ne, ban kawo misalin don mu kwaikwaye su a komai ba. Abin da na ɗauka shi ne raba hanya yanki-yanki. Idan muka raba tamu gida biyar, kowane layi na unguwa ya san yankinsa, to ko da akwai mai albashi babu wanda zai ce hanyar tasa ce, kuma ina ganin wannan zai rage abin da Baba yake tsoro.

Mai dako, ɗan ci-rani:

Ranku ya daɗe, tun ɗazu ake maganarmu, bari ɗaya daga cikinmu ya yi magana. Gaskiya ne muna tafiya idan damina ta kusa, kuma ba za mu daina ba, domin gonar ita ce asalinmu, Legas wurin neman abin sayen taki ne. Amma ina so Baba ya san cewa abin da yake kashe mana gwiwa ba albashin wani ba ne. Abin da yake kashe mana gwiwa shi ne mu bar kasuwa da safe, lokacin da motocin tumatir da albasa suke sauke kaya, mu zo mu tsaya awa biyu ana neman wanda yake riƙe da makullin shagon kayan aiki. Idan na san cewa ƙarfe bakwai zan karɓi kwanon sarki, ƙarfe goma in ajiye in koma neman abincina, zan zo kowane mako, kuma zan kawo 'yan ɗakinmu.

Abu biyu nake roƙo. Na farko a duba ranar Alhamis, domin da safiyarta kasuwannin Legas suna rufe don tsafta har ƙarfe goma, saboda haka wanda ya gama share wurinsa da wuri ba ya asarar komai idan ya zo. Na biyu a sa azumi cikin lissafi. A 'yan shekarun nan yana faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kamar kwana 11, wato yana faɗawa cikin watannin da kuka zaɓa. Ɗaukar ƙasa da azumi a zafin nan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da yawa daga cikinmu daga hutun Sallah ba sa dawowa sai bayan kaka. Aiki mai nauyi a gama shi kafin a ga wata.

Ma'aji:

Tunda magana ta fara karkata, wajibi ne in faɗi abin da aljihun ƙungiya zai iya ɗauka. A 2024 an sanya mafi ƙarancin albashi na ƙasa a naira 70,000, Jihar Legas kuma ta sanya nata a 85,000, kuma ko da yake aikinmu ba na cikakken mako ba ne, bai dace mu ba mutum abin da ba zai kai shi ko'ina ba a garin da kuɗin mota kaɗai yake cinye kaso mai yawa na samu. Abin da muke tarawa a wata ba zai biya wannan ya kuma sayi ƙasa ba. Hanya biyu nake gani, ko dai a mayar da aikin kwana uku a mako a biya shi gwargwadon haka, ko kuma masu shaguna da rumfunan da suke amfana da hanyar su ɗauki nauyin albashin kai tsaye, kuɗin ƙungiya ya tafi ga kayan aiki.

Ina kuma gargaɗi a kan dogaro da alkawarin kamfanoni. Shekarar da ta wuce wani kamfani ya turo ma'aikatansa da riguna iri ɗaya, suka yi awa ɗaya, suka ɗauki hotuna, suka dasa itatuwa ashirin a ƙarshen Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, kuma babu wanda aka bar wa alhakin ban ruwa. Uku ne suka rayu. Ranar dashen itatuwa ta Jihar Legas 14 ga Yuli ce, tsakiyar damina, kuma akwai hikima a hakan. Da muna da mai tsarawa, da ya gaya musu su kawo baro da shebur a Nuwamba, su dawo da itatuwansu a Yuli, mu nemi shawarar LASPARK, hukumar kula da lambuna da wuraren shaƙatawa ta Jihar Legas, a kan irin da ya dace da bakin fadama.

Malama ma'aikaciyar jinya:

Ina so a sa lafiyar masu aiki cikin nauyin wanda za a ɗauka, a rubuce. Na ɗinke ƙafar yaro ɗaya da ya taka fasasshiyar kwalba a gayyar Fabrairu, kuma da na tambaya ba a san ko ya taɓa yin allurar tetanus ba. Ruwan magudanar nan ba ruwan sama ba ne kaɗai, kuma ba mu manta da ɓarkewar kwalara da aka yi a Legas a watan Yunin 2024 ba. Kada wanda ya shiga kwata ba takalmin roba da safar hannu, kada a sa yara ƙanana ciki ko da sun nace, a tanadi sabulu da ruwa mai tsafta kafin a ci abinci, a kuma ajiye akwatin taimakon gaggawa a wurin. Sannan dattin da aka kwaso kada a tara shi a bakin magudana a tafi, domin ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. A yi magana da masu motar shara na LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas, tun kafin ranar, a san lokacin da za su zo.

Baba Dattijo:

Na saurari kowa, kuma maganar ɗana mai dako ce ta fi shiga jikina, domin shi ne wanda nake tsoron zai ji haushi, ga shi ya ce ba nan ciwon yake ba. Ban janye tsorona gaba ɗaya ba, amma ba zan tsaya a gaban jama'a ba. Ina da sharuɗɗa uku. Kada a kira shi shugaban aiki ko manaja, a kira shi mai kiran gayya, kuma ranar aiki shi ma ya riƙe shebur kamar kowa. A yi gwajin rani ɗaya tak, idan Maris ya ƙare a zauna a buɗe littafi, in an ga masu fitowa sun ragu to a koma yadda ake. Sannan a bi shawarar ɗalibinmu ta raba hanya gida biyar, kuma ni zan ɗauki yankin da ke kusa da masallaci tare da mutanen layinmu.

Akwai kuma abin da har yanzu ba wanda ya amsa. Daga Afrilu zuwa Nuwamba, bayan wa'adinsa ya ƙare kuma 'yan ci-rani sun tafi, wa zai riƙa duba gadar, wa zai sa alamar ruwan Oktoba da Birkila ya ce a sa?

Sakataren ƙungiya:

Baba, mun gode, Allah Ya bar mana ku. Na rubuta sharuɗɗanka uku, da na Malam game da biya a kan lokaci, da na Hajiya game da harshe da littafin mata, da na Malama game da kayan kariya. Zan gabatar da Alhamis da Asabar duka biyu a zaɓa, kuma zan nemi a matso da farawa zuwa tsakiyar Nuwamba domin a gama ɗaukar ƙasa kafin azumi. Ma'aji zai zagaya masu shaguna a wannan makon ya ji abin da za su iya.

Tambayarka ta damina ba ni da cikakkiyar amsarta. Abin da ya zo mini shi ne kowane layi daga cikin biyar ɗin ya ba da mutum ɗaya mazaunin dindindin, wanda zai taka yankinsa bayan kowane ruwa mai ƙarfi ya turo hoto nan, amma wannan bai warware batun wanda zai riƙe makullin shago da littafi ba. Zan sa shi a farkon abin da za a tattauna ranar Lahadi bayan la'asar, a harabar masallaci. Birkila, idan za ka samu dama kafin ranar, ka shiga ƙarƙashin gadar ka ƙirgo mana katakan da suka yi laushi, domin mu zo da adadi a hannu.

Birkila:

In sha Allahu zan shiga ranar Juma'a da sassafe kafin in fita aiki, amma ruwan bai gama ja ba, saboda haka ƙafafu huɗun da ke tsakiya ba zan iya kai musu ba sai Janairu. Ina bukatar mutum ɗaya ya riƙe mini tocila da tsani.